Kogwannin Dutsen Al-Qarah a Tsakiyar Gonakin Dabino

Yawancin 'yan uwanmu Hausawa mazauna Makka da Jidda ba su cika leƙa gabashin Saudiyya ba, alhali kuwa a yankin Al-Ahsa, kusa da birnin Hufuf, akwai Dutsen Al-Qarah, wanda na ziyarta a tsakiyar lokacin zafi. Tsayinsa kimanin mita 75 ne kawai a kan ƙasar da ke kewaye da shi, amma cikinsa cike yake da kogwanni. Jikinsa farar ƙasa ce gauraye da yashi da laka, kuma ruwa da iska ne suka daɗe suna bin tsagoginsa suna zaizaye shi, har suka bar dogayen lunguna masu ƙunci, wasu wuraren kuma suka lanƙwashe daga sama kamar bakan zauren sarki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sanyin ciki, domin rana tana ƙuna a waje, amma da zarar mutum ya shiga sai iska mai sanyi ta tarbe shi, kuma mutanen garin sun ce da hunturu ɗumi ake samu. An shimfiɗa hanya, an sa fitilu, kodayake a ganina hasken ya yi yawa a wasu lunguna.

Gonakin dabinon yankin Al-Ahsa, waɗanda dutsen yake tsakiyarsu, suna da itatuwa fiye da miliyan 2.5, kuma UNESCO, hukumar raya ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 2018. Mai tasowa daga Riyad yana iya hawa jirgin ƙasa zuwa Hufuf.