Ƙannena masu son tiyatar kyamara, ku fara da kwali

Kusan duk ƙaramin likitan da ya shigo sashen tiyata yanzu, kafin ya yi nisa za ka ji yana tambayar yaushe za a ba shi laparoskofi, wato tiyatar kyamara, ya yi da hannunsa. Ba na ganin laifinku wallahi. Wanda ya taɓa ganin yarinya mai sikila da duwatsu suka cika mata matsarmama, aka huda cikinta wuri huɗu, aka hura iska, aka zura kyamara ta cibiya aka ciro matsarmamar, washegari ka tarar da ita zaune a bakin gado tana shan kunu, dole aikin ya shiga ransa. A da fa tsaga ake yi ƙarƙashin haƙarƙari, mutum ya yi kwanaki ko tari ba ya iyawa sai ya dafe ciki. To amma ƙanƙantar ramin a fata ta tsaya, aikin da ke ciki yana nan da girmansa, kuma ni na daɗe ban ɗauki wannan maganar da nauyin da ya kamata ba.

Lokacin da nake koyo akwai akwatin gwaji a wani lungu na sashenmu, ƙura ta rufe shi, ni kuma ina cikin waɗanda suka bar shi ya yi ƙurar. Gani nake na iya ɗinki, na iya ƙulli, na buɗe ciki ba adadi, to me akwati zai ƙara min. Ranar da aka miƙo min ƙarafan a kan majinyaci na ga abin da ban sani ba. Ƙarfen dogo ne kuma ya tokare a bangon ciki, kamar muciyar da aka jingina a bakin tukunya, ka kai hannu dama kanta ya tafi hagu. Allon kuma shafe yake, ba ya nuna maka zurfi, sai ka miƙa za ka kama abu ka wuce shi ko ka tsaya kafin ka kai, ga shi yatsunka ba sa taɓa naman balle su gaya maka wannan mai tauri ne wannan mai taushi ne. Aikin da ya kamata a gama da wuri na ja shi, majinyacin yana kwance ƙarƙashin maganin barci ciki cike da iska, duk don ni ina koyon abin da ya kamata in koya a kan kwali. Bai san haka ba, bai kuma yarda da haka ba.

Kuma ba wai ba a yi binciken ba ne. A 2002 a jami'ar Yale ta Amurka an raba likitoci masu koyon tiyata 16 gida biyu, rabi suka yi atisaye a na'urar kwaikwayo ta kwamfuta rabi ba su yi ba, sannan kowa ya shiga ya yi aikin raba matsarmama da hanta a gaban malami. Waɗanda suka yi atisaye sun fi sauri da kashi 29 cikin ɗari, waɗanda ba su yi ba kuwa kurakuransu sun ninka kusan sau shida. Yau a Amurka ba a ba ka shaidar ƙwarewa a tiyata sai ka ci jarrabawar FLS ta tushen aikin laparoskofi, ɓangarenta na hannu ayyuka biyar ne kacal a cikin akwati, ɗaukar ƴan ƙananan abubuwa daga hannu zuwa hannu, yanke da'ira a jikin gauz, zarge madauki, ƙulli daga waje da ƙulli daga ciki. Babu ɗaya a ciki da ba za ka iya yi a ɗakinka ba. Kwalin taliya, ka huda shi wuri biyu, ka ɗora wayarka a sama kyamara na kallon ciki, ƴar fitila, tsofaffin ƙarafan da aka daina aiki da su ka roƙa a wajen nas ɗin tiyata, ƙwayar wake da tsohuwar safar hannu. Ka riƙa sa agogo kana rubuta lokacinka, kuma ka fi ba hannun hagu wahala domin shi ne yake buɗe maka hanya, na dama yanka kawai yake yi.

Hannu dai da sauƙi, yana koyuwa. Ido ne abin tsoro.

Erich Mühe ne ya fara cire matsarmama ta wannan hanya a Jamus a 1985, Philippe Mouret ya yi a Liyon ta Faransa a 1987, daga nan abin ya bazu kamar me, manyan likitoci suna zuwa kwas na ƙarshen mako su dawo su fara. Sai aka ga raunin babban bututun da ke kai ruwan matsarmama daga hanta zuwa hanji ya ƙaru a kan yadda yake a zamanin tsagawa. Wani rahoto na likitocin jihohin kudu na ƙasar Amurka a 1991 a kan aiki 1,518 ya nuna raunin ya kai kashi 2.2 cikin ɗari a majinyata 13 na farko na kowane rukunin likitoci, bayan nan ya sauko zuwa 0.1. Ku tsaya ku yi tunanin su waye waɗannan 13 ɗin. A 2003 kuma Lawrence Way da abokan aikinsa suka bi diddigin raunuka 252, suka ga kashi 97 cikin ɗari ba rawar hannu ba ce, gani ne ya yaudari likita, ya kalli babban bututu ya rantse ƙaramin na matsarmama ne, ya sa kilif ya datse hankalinsa kwance. Shi ya sa ƙa'idar da Steven Strasberg ya kawo a 1995 ba ado ba ce. Ka share kitse da zare-zaren da ke kusurwar tsakanin wuyan matsarmama da hanta tas, ka ɗaga kashi ɗaya cikin uku na ƙasan matsarmama daga jikin hanta, ka ga abu biyu, biyu tak, wato ƙaramin bututunta da jijiyar jininta, suna shiga cikinta. In ba ka ga haka ba babu kilif babu almakashi. Ni yanzu sai na tsaya na tambayi mai riƙe kyamara da nas, kuna ganin abin da nake gani? Da babbar murya nake tambaya, kuma ina jiran amsa.

Abin da ya kai ni ga haka wata baiwar Allah ce, matsarmamarta ta kumbura ta manne da komai, bangon ya yi kauri ƙarfe ma ba ya iya kama shi. Tun da na leƙa zuciyata ta ce min a buɗe. Na ƙi, saboda na riga na gaya mata da mijinta ƴan ramuka ne kawai, kuma ba na so a ce na kasa. Ina cikin ɓanɓara jini ya ɓalle, ɗigo ɗaya ya fantsamo kan gilashin kyamara allon duka ya koma ja, aka ciro aka goge aka mayar, wurin ya zama tafki, ni kuma na sa kilif a inda nake zaton jinin yake fitowa ba tare da na gani ba. Jinin ya tsaya. Bayan kwana biyu robar da muka bari a cikinta ta fara kawo ruwa kore-kore, cikin ya ɗaure, zazzaɓi ya taso. Sai da aka koma da ita tiyata aka yi tsagar da na guje mata, babbanmu ya gyara, Allah ya sa ta rayu, amma ta yi makonni a gado kuma na ga mijin yana fita yana dawowa da ledar magani, na san ba daga aljihu kuɗin suke fitowa ba, wani abu ake sayarwa. Da na buɗe tun farko, ko na cire rabin matsarmamar na bar wanda ya manne, ko na aika a kira Oga, duk hanyoyi ne da aka sani kuma suna cikin littafi. Saboda haka tun a asibitin ganin likita ku gaya wa majinyaci da danginsa cewa za a fara da kyamara amma in an ga hatsari za a buɗe, ku sa a takardar amincewa. Wanda ya faɗi haka tun farko ba ya jin nauyin buɗewa.

Kuma don Allah ku iya buɗewar. A wajenmu yaron da taifod ta huda masa hanji, ya zo bayan kwanaki ciki cike da ruwa da ƙazanta, yawanci wuƙa ce za ta cece shi. Ana ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, tukunyar iska tana ƙarewa, wayar fitila tana mutuwa. Duk wanda bai ƙware a buɗaɗɗen aiki ba, ranar da allo ya yi baƙi ba shi da wajen gudu.

Sai maganar karanta bincike, don na ga kuna yawan tura wa juna takardu a WhatsApp. In kun ga an ce kyamara ta yi daidai da tsagawa, ku tambaya su waye suka yi aikin. Manyan gwaje-gwajen kansar babban hanji, irin COST na Amurka da aka buga a 2004, sun nuna kansar ba ta fi dawowa ba in an yi da kyamara, amma fa sai da aka tantance likitocin, kowa ya nuna ya yi aƙalla 20 kuma aka duba bidiyonsa kafin a bar shi ya shiga. A Holan kuma gwajin LEOPARD-2 na babban aikin fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi, dakatar da shi aka yi, bayan mutum 5 cikin 50 sun rasu a ɓangaren kyamara, 1 cikin 49 a ɓangaren tsagawa. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Mishigan a 2013, likitoci 20 masu tiyatar rage ƙiba kowa ya ba da bidiyon aikinsa, ƴan'uwansu suka ba da maki ba tare da sun san na waye ba, da aka duba majinyatansu sai ga na masu ƙaramin maki suna da matsala kashi 14.5 cikin ɗari, na masu babban maki 5.2. Dukkansu fa masu takardar ƙwarewa ne.

Ni na yi shekaru ban naɗi aikina ba, har da na matar nan, don haka har yau ba zan iya nuna muku daidai inda kilif ɗin ya sauka ba. Yawancin na'urorin suna da wajen sa filash. Ku nemi izini, ku tabbata babu suna ko fuskar majinyaci a ciki, ku naɗa, ku kai wa wanda ya fi ku ku zauna ku kalla tare, kar ku tsallake wurin da kuka sha wahala. Ku buɗe littafi kuma, kowane aiki ku rubuta tsawon lokacinsa, ko an buɗe da dalilin buɗewar, da halin da majinyaci yake ciki bayan kwana 30, har da wanda bai dawo ba ku buga masa waya ku ji.