Abin da ya haɗa Bakatsine da teku

Kakana manomi ne a wajen Batagarawa. Ranar da ya ji ina aikin lissafin tafiyar ruwan teku a kwamfuta, sai ya ce, "Kai ɗan nan, me ya haɗa Bakatsine da teku?" Na ce, "Malam, ai hadarin da kuke jira a watan Yuni daga can yake tasowa." Iskar damina daga Tekun Atilantika take ɗebo danshi, ta ratso gaɓar Gini ta iso mana. Masana ma sun danganta farin da ya gallabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980 da sauyin ɗumin saman teku.

Manhajar da nake koyo a kanta sunanta MOM6. Asalinta aikin Kirk Bryan ne na 1969 a GFDL, cibiyar binciken yanayi da teku da ke Firinston a Amurka, shi da Michael Cox. Yau tana GitHub, shafin intanet da ake ajiye manhajoji, an rubuta ta da yaren kwamfuta na Fortran, kowa na iya ɗauka ya gyara. Tana yanka teku gida-gida kamar filin dara, daga sama har ƙasa, kowane gida a lissafa zafinsa da gishirinsa da gudun ruwansa.

Kwamfutata ba ta iya ɗaukar tekun duniya, don haka na fara da ƙaramin gwaji. Sati biyu lissafin yana wargajewa, ga ɗaukewar wuta. Da na nemi taimako, wani da ban taɓa gani ba ya ce in turo masa saitin da na yi. Ashe na ƙanƙanta gidajen ban rage tazarar lokacin da ke tsakanin lissafi da na gaba ba, ruwa yana tsallake gida guda kafin lissafi ya cim masa. Layi ɗaya na canza komai ya daidaita. Da na tambaya tun fari, da ban ɓata kwanakin nan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da na tura wa masu kula da manhajar gyarana na farko. Sau biyu ana dawo mini da shi, wallahi na ji zafi. Ka'idarsu ita ce gyaran da bai kamata ya taɓa sakamako ba, dole ya ba da amsa iri ɗaya har lamba ta ƙarshe, kuma sai wani ya duba aikinka kafin a karɓa. Daga baya na gane dalili: da wannan manhaja ake hasashen yanayin duniya, kuskurena ba a ɗakina zai tsaya ba.

Yanzu ina gwada sakamakona da ma'aunin na'urorin Argo masu shawagi a teku, waɗanda ke nutsewa mita 2,000 duk bayan kwana 10 su taso da labarin zafi da gishiri. Na mashigin tekun Gini nake tattarawa. Kakana kuwa ya riga ya sa an kai taki gona, kullum na je sai ya tambaye ni me tekun ya ce.