Abin da na fahimta game da ciwon dajin ƙasan huhun dama a jinyar mahaifina

Sau biyu a cikin wata huɗu aka yi wa mahaifina maganin nimoniya, kuma duka biyun a wuri ɗaya ciwon ya kama shi, wato ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Da tarin ya ƙi tafiya, kuma ya fara ramewa, kowa a gida ya ɗauka tarin fuka ne, amma gwajin kaki bai nuna komai ba. Sai da aka yi masa hoton siti-sikan aka ga ƙari a ɓangaren ƙasa na huhun dama.

Ranar da muka karɓi sakamakon, likita ya juya bayan takardar ya zana mana huhu da biro. Ya nuna cewa huhun dama kashi uku ne, na sama da na tsakiya da na ƙasa, shi kuwa na hagu kashi biyu ne saboda zuciya ta ci masa wuri. Kashin ƙasan yana zaune ne a kan tsokar da ta raba ƙirji da ciki, hanta kuma tana ƙarƙashinta, shi ya sa ƙaramin ƙari a nan kan iya ɓuya a hoton ƙirji na yau da kullum. Ya ce: "Baba, naman huhu ba ya jin zafi. Zafin da kake ji ya zo ne da ciwon ya kusanci tantanin da ya lulluɓe huhun." A nan na gane cewa ƙarin ne yake toshe hanyar iska, majina ta taru a bayansa, nimoniya ta riƙa dawowa wuri guda.

Kuskurena shi ne na kwana biyu ina neman bayani a kan wurin da ƙarin yake, alhali abin da magani ya fi dogara a kai shi ne irin ciwon da kuma matakin da ya kai. Irin ciwon ba ya tabbata sai an ciro ɗan tsokar an duba, kuma nasa an ciro ne da allura ta tsakanin haƙarƙari. Ana raba ciwon dajin huhu gida biyu bisa kamannin ƙwayoyin ƙarin, na ƙananan ƙwayoyi da wanda ba na ƙananan ƙwayoyi ba, kuma kusan kashi 85 cikin 100 na masu wannan ciwo suna da nau'in na biyu, wanda ya fi jinkirin yaɗuwa, mahaifina ma a cikinsu ya faɗa. Matakin kuwa daga 1 zuwa 4 ne, ana duba girman ƙarin, da ko ya shiga kaluluwar ƙirji, da ko ya kai hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa.

Tambayar taba sigari ta yi masa nauyi, domin ya daina sha da daɗewa. Taba ce babbar sanadi, amma wanda bai taɓa sha ba ma yana kamuwa, kuma ban ga amfanin tuhumar mara lafiya da abin da ya wuce ba.

Da aka tabbatar ciwon bai fita daga huhun ba, aka sa shi ya hura iska a na'ura don a auna ko kashi biyun da za su rage, tare da huhun hagu, za su ɗauke shi, sannan aka cire kashin ƙasan gaba ɗaya. Tun washegarin tiyatar ma'aikatan jinya suka tashe shi zaune, suka koya masa ya rungume matashin kai a gefen ɗinkin idan zai yi tari. Yanzu yana taka matakalar gida a hankali, yana tsayawa sau ɗaya ya huta, ni kuma ina riƙe da takardar da ke ɗauke da ranar hoton da za a sake yi masa.