TARIHIN RAYUWATA, kashi na 9: Gishiri da kanwa a kilas ɗinmu

Assalamu alaikum 'yan uwa, satin da ya wuce mun tsaya a ranar da rana ta yi husufi, 29 ga Maris 2006, da hantsi gari ya yi duhu a Maradi, kaji suka koma akurki, masallatai suka cika da masu sallar husufi, yara kuma ana ta bugun gwangwani a unguwa.

To da muka koma lise sai wani ɗan kilas ɗinmu mai shegen tambaya ya ɗaga hannu ya ce Mushe, ku da kuke cewa kun san abin da ke cikin rana, wa ya taɓa zuwa can ya ɗebo? Muka fashe da dariya, amma malamin bai yi dariya ba, cewa ya yi gobe kowa ya zo da gishiri ko kanwa daga gida. Ni kanwar innata na gutsuro, wadda take sa wa miyar kuɓewa.

Labo ɗinmu ba wani abin kirki a ciki, butel ɗin gaz ne da ɗan murhu da waya, sai tsohon faifan CD da Mushe ya zo da shi cikin aljihu. Ya rufe tagogi ya kunna wuta shuɗiya, ya ɗosana gishiri a waya ya sa, wutar ta koma rawaya shar. Ya sa kanwata, rawaya iri ɗaya sak, domin duk biyun akwai sodiyom a cikinsu. Ya sa wayar tagulla ta ba da kore. Sannan ya ce mu kalli hasken ta jikin faifan, hasken kwan lantarki ya baje launi-launi kamar bakan gizo, na gishiri kuwa rawaya kawai ba ƙari.

Nan ya ba mu labarin wasu masana biyu, Kirchhoff da Bunsen a Jamus, wajen 1859, su ma da wuta da gishiri suka fara, suka gane kowane sinadari yana da layukan haskensa da ba ya tarayya da kowa. Tun 1814 Fraunhofer ya ga baƙaƙen layuka cikin hasken rana bai san dalilinsu ba, ashe biyu daga ciki daidai gurbin rawayan sodiyom suke, wato sodiyom ɗin da ke saman rana ne ke shanye wannan hasken kafin ya iso mana.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na hiliyom. A husufin 1868 aka ga wani layi rawaya kusa da na sodiyom amma ba shi ba ne, aka nema a labo aka rasa, Lockyer a Ingila ya ce sabon sinadari ne, da yawa ba su yarda ba, kuma ni ban ga laifinsu ba tunda babu wanda ya riƙe shi a kwalba. Sai 1895 Ramsay ya fitar da shi daga wani dutse mai uraniyom, eh irin arzikin nan namu na Arlit, layin ya faɗa daidai gurbinsa.

Har yanzu aikin kenan, kayan ne suka girma. A Amurka akwai wata na'ura da ake kira Z a cibiyar bincike ta Sandia, sun gasa ƙarfe ya kai wajen digiri miliyan 2 don su kwaikwayi cikin rana, a 2015 suka sanar cewa ƙarfen yana tare haske fiye da yadda lissafi ya nuna, dole masana suka koma kan lissafinsu.

Da yamma na tarar inna tana cigiyar kanwarta, na ce Inna karatu muka yi da ita, ta ce to Allah ya ba da sa'a amma gobe ka sayo wata a kasuwa. A daren na gaya wa Baba kimiyya nake so na karanta bayan bak, wato jarrabawar gama lise, shi kuwa ya riga ya yi magana da kawuna a kan shago, yadda muka kwashe da su sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.