Tsibirin da ruwa ke cinyewa a Luwisiyana

Tsibirin Isle de Jean Charles, a gundumar Terrebonne ta jihar Luwisiyana a Amurka, ya rasa kusan kashi 98 cikin ɗari na ƙasarsa tun 1955. Guguwa na da nata laifin, amma aikin ɗan Adam ya fi yawa. Ganuwar da aka yi wa kogin Misisifi ta hana laka isa fadama. Ga kuma hanyoyin ruwa da kamfanonin mai suka haƙa: ruwan gishiri ya biyo su ya kashe ciyawar da saiwarta ke riƙe ƙasa.

Titi ɗaya tak ke shiga tsibirin, iska na ƙarfi ruwa zai shanye shi. A 2016 gwamnatin tarayya ta ware dala miliyan 48 don mayar da mazauna tsibirin kan tudu, kusa da garin Schriever, wajen mil 40 daga tsibirin. An fara tarewa a 2022, masunta kuwa sun yi nisa da wurin sana'arsu.