Tambayar da Sajan ya yi min a Harlem

Ni dai tun da na zo Amurka babu abin da ya tsaya min a rai kamar tambayar da wani abokin aikina ya yi min, kuma wallahi ba da mugun nufi ya yi ta ba, mutumin kirki ne. Baƙin Ba'amurke ne, ya girme ni sosai, tare muke aiki a wani garejin ajiye motoci a Bronx, kowa Sajan yake ce masa don ya daɗe a National Guard ta jihar New York kafin ya yi ritaya. Su waɗannan sojoji ne amma ba a bariki suke zaune ba, kowa da sana'arsa, wani direban bas wani malamin makaranta wani ɗan kwana-kwana, sai ƙarshen mako ɗaya a wata da kuma sati biyu a shekara su sa kaki su je atisaye. In ambaliya ta zo ko dusar ƙanƙara ta rufe gari gwamna ya kira su, in yaƙi ne shugaban ƙasa ya ɗauke su. Lokacin korona su ne suka yi ta rabon abinci har da taya ɗaukar gawa daga gidaje, kuma a 2024 da gwamna Kathy Hochul ta zuba 750 daga cikinsu a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na ga suna tsaye da kaki a bakin ƙofa, gabana sai da ya faɗi, don ni kaki a bakin hanya ba abin da yake tuna min sai Maiduguri.

To Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu ita ce ranar da suke tunawa da sojojinsu da suka mutu, ba aiki, yawancin mutane gashin nama kawai suke yi a fili. Sajan ya ce in zo in raka shi. Muka haye gada zuwa Harlem, titi na 142 da Fifth Avenue, nan ne barikin runduna ta 369 yake, wani jan ginin bulo ƙato. A tsallakensa akwai wani baƙin dutse dogo mai tsini, an yi rubutu a jikinsa da ruwan zinare, ga hoton maciji ya naɗe kansa, alamar rundunar kenan. Sajan ya cire hularsa ya dafa dutsen da tafin hannunsa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya fara ba ni labari.

Ya ce rundunar baƙaƙen fata ce zalla in ban da manyan hafsoshi, da farko sunanta runduna ta 15 ta New York, masu dako ne da masu aikin otal da masu gadin ƙofa suka cika ta. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na ɗaya a 1917 aka tura su Faransa, amma turawan sojan Amurka ba sa son yaƙi kafaɗa da kafaɗa da baƙi, aka bar su suna sauke kaya a tashar jirgin ruwa, daga baya aka miƙa wa Faransawa su. Da hular kwanon Faransa da bindigar Faransa suka yi yaƙin. Kwana 191 suna bakin daga, wajen mutum 1,500 aka kashe ko aka jikkata, kuma wani ƙauye Séchault da suka ƙwato a ƙarshen Satumban 1918 can ne aka fara kafa irin wannan dutsen a 1997, na Harlem ɗin kwafinsa ne da aka kafa a 2006. Sai ya zo kan Henry Johnson, ɗan dako a tashar jirgin ƙasa ta Albany, wanda Jamusawa suka far musu cikin dare a watan Mayun 1918 shi da abokinsa Needham Roberts, bindiga ta cije, ya zaro wuƙa ya hana su tafiya da abokin nasa, ya fita da rauni 21 a jiki. Faransa ta ba shi lambarta nan take. Ƙasarsa kuwa ta bar shi ya mutu a 1929 cikin talauci da ciwo, sai a 2015 Obama ya ba shi lambar yabo mafi girma, shekara 97 bayan abin.

Daga nan muka wuce gidan wata tsohuwa, uwar wani yaro da suka je Iraƙi tare a 2004 bai dawo ba. Duk shekara tsofaffin abokansa nan suke haɗuwa. A kan talabijin akwai tutar da aka lulluɓe akwatin gawarsa da ita, an naɗe ta kusurwa uku an sa a cikin akwatin katako mai gilashi, taurarin kawai ake gani, ba ƙura ko ɗigo a jiki, ka san kullum sai an goge. Suka miƙe tsaye, ɗaya ya ciro takarda daga aljihu yana kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, da muƙamin mutum da ranar da ya mutu, wani ya kunna busar begila a waya. Cikin sunayen har da Emmanuel Mensah, ɗan Gana ne, ba a yaƙi ya mutu ba, a gobarar da aka yi a Prospect Avenue nan Bronx ranar 28 ga Disamban 2017, ya gama horo kenan ya zo hutu, ya fitar da mutum huɗu ya sake komawa cikin wutar bai fito ba. Mutum 13 gobarar ta ci. Da na ji an kira sunan ɗan Afirka ta Yamma a ɗakin nan kowa ya sunkuyar da kai, wallahi sai na ji kaina ya yi girma, kamar ɗan gidanmu ne.

Wannan jin ne ya sa na buɗe baki na ce ai ni ma ƙanena irinku ne. Na ce tela ne a unguwar Hausari ta Maiduguri, a 2013 lokacin da aka sa dokar ta-ɓaci aka kashe layin waya gari ya zama ba shiga ba fita, samarin unguwa suka ce sun gaji, suka ɗauki gora da adda suka fara tare hanya suna zaƙulo 'yan Boko Haram gida-gida suna miƙa wa soja. Shi ma ya rufe shago ya bi su. Da rana ɗinki, da dare shingen bincike. A 2015 a bakin shingen aka tayar da bam, shi ne ya je zai caje mutumin. Kowa ya yi shiru, tsohuwar ta kama hannuna ta riƙe. Sai Sajan ya ce, ɗan'uwa, a ina aka rubuta sunansa, in Allah ya kai ni ƙasarku in je in tsaya a wurin?

Na rasa abin cewa. Na ce mu Musulmi ba ma rubutu a kabari, addu'a muke yi, kuma gaskiya ne, an yi masa sadakar uku da bakwai da arba'in, yana maƙabartar Gwange, ba na nema masa gunki ko dutse, Allah ya sani. Amma ai ba kabari ya tambaye ni ba, kuma na san haka. Nufinsa wane littafi, wane ofis, wace takarda ce ke cewa wane ɗan wane ya mutu yana tsare garinsu. Ba ni da ita. Abin da muke da shi katin shaidarsa ne da ya ƙone ta gefe ɗaya, yana cikin kwallar Inna, da hoto guda da ya ɗauka da gorarsa yana dariya. Yaya ya yi ta yawo da takardu ofis-ofis, a ce ya dawo sati mai zuwa, a ce fayil ɗin ya ɓata a kawo wani, har ya haƙura. Na san an taimaka wa iyalan wasu, ban ce ba a yi komai ba, kuma ban ce duk ɗan kato da gora waliyyi ne ba, akwai waɗanda suka ci zalin mutane kowa ya sani. Amma ni nawa na sani, ko kazar wani bai taɓa ɗauka ba.

Abin da ya hana ni barci ranar shi ne maganar Henry Johnson ɗin nan. Su ma fa an zalunce su, zalunci mai tsanani, amma sunansa yana rubuce, akwai takardu, shi ya sa mutanen garinsu da 'yan majalisa suka samu abin da za su riƙe suna bibiya har aka yi masa adalci. Mu in Inna ta rasu, Allah ya ƙara mata lafiya, wa zai iya tabbatar wa 'ya'yansa cewa ubansu ba a hatsarin Keke Napep ya mutu ba?

'Ya'ya biyu ya bari, namijin yana jin yaye lokacin, macen ma a ciki aka bar ta. Uwarsu ta yi aure a Damaturu bayan ta fita takaba da daɗewa, ban ga laifinta ba, yarinya ce, yaran suna wurin Inna, ni nake biyan kuɗin makaranta da na Islamiyya. Duk wanda yake waje ya san yadda abin yake, mutanen gida gani suke dala a ƙasa ake tsinta, ba su san tsayuwar dare a gareji cikin sanyin Janairu ba har yatsun ƙafa su daina ji. Amma kuɗin waɗannan biyun ban taɓa jin nauyinsa ba. Wanda ke min nauyi shi ne in an kira ni bidiyo namijin ya karɓi waya ya ce Baba ƙarami yaushe za ka zo, goshinsa da haƙoransa sak na ubansa, in ce masa in sha Allahu da babbar salla, alhali takarduna ba su fito ba ballantana in yi maganar tafiya.

Na kira Yaya washegari na ce ya kamata mu rubuta sunayen yaran unguwarmu da suka mutu a wannan aikin, mu da kanmu, suna da sunan uba da sana'a da inda abin ya faru da wanda ya bari. Ya ce kai ka tafi Amurka ka koyo fi'ili, wanda ya mutu ya mutu, a yi masa addu'a kawai. Muka ɗan yi sa-in-sa har na kashe waya. Inna ce ta kira ni da kanta bayan isha'insu, ashe tana jin mu, ta ce rabu da yayanka, ɗauko biro. Tana daga kan tabarmarta ta fara lissafo su, ɗan gidan mai itace, ɗan gidan liman na biyu, yaron nan mai gyaran waya da ake ce wa Dogo, wasu ta san sunan uwa ba ta san na uba ba ta ce gobe za ta aika a tambayo. Katin ya ƙare muna tsakiya. Yanzu na sa a guruf ɗin unguwa na WhatsApp, wasu suna turowa, wasu suna tambaya ko kuɗi za a raba, na ce babu ko sisi, wata ta turo hoton mijinta ta ce a sa shi ko ba kuɗin. Yaya har yau bai ce uffan a guruf ɗin ba, amma matarsa ta gaya min ranar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallaci da littafi yana tambayar dattawa.