Ƙuri'a takwas ga Mattingly

Litinin, 5 ga Disamba, 2022, Bronx

Jiya da daddare kwamitin mutum 16 da ya zauna a San Diego ya fitar da sakamakonsa. Fred McGriff ya kwashe ƙuri'u 16 cif, zai shiga Zauren Gwarzayen besbol da ke Cooperstown. Don Mattingly, tsohon mai tsaron zango na farko na ƙungiyar New York Yankees, ya tashi da 8, alhali 12 ake nema. Da abin na kwana, da shi kuma na wuni. A wurin aiki kowa hirar Qatar yake yi, Ingila ta kori Senegal da ci 3 da nema, Ghana kuwa tun Juma'a ta tattara kayanta. Babu mai sauraron zancen besbol, don haka ina tashi na nufi gidan Kawu.

Kawu ne ya koya mini wannan wasa. Ya baro Kumasi ya sauka unguwar nan lokacin da Mattingly ke tashe, yana tuƙin tasi yana sauraron wasannin Yankees a rediyon mota. Na tarar ya idar da Magariba, ɗansa na zaune da waya a hannu. Ƙanin nan nawa a nan aka haife shi, kuma alƙaluma ne abincinsa. Ko gaisuwa ba mu gama ba Kawu ya ce, “Ɗana, ka ga abin da suka sake yi wa bawan Allahn nan?”

Ƙanina bai ɗaga murya ba, amma bai ja da baya ba. Ya ce, “Baba, ku yi haƙuri, kwamitin bai zalunce shi ba.” Ya karanto mana: bugu mai kyau 2,153, bugun tsallake katanga 222, shekara 14. Ga mai tsaron zango na farko, wurin da ƙungiyoyi ke ajiye masu ƙarfin bugu, wannan bai kai ba. McGriff yana da 493. Ya ƙara da cewa daga 1990 zuwa 1995, shekara shida cur, sau 58 kacal Mattingly ya tsallake da ƙwallo katanga. Marubuta wasanni sun duba shi shekara 15, mafi yawan abin da suka ba shi kashi 28 cikin 100 ne a 2001, daga nan sai ƙasa, ga shi kashi 75 ake buƙata. Duk gaskiya ya faɗa.

Kawu bai musa ko ɗaya ba. Sai ya shiga ba da labarin ranar ƙarshe ta kakar 1984, lokacin da Mattingly da abokin wasansa Dave Winfield ke tseren kambun bugu. Yaro ɗan shekara 23 ya fito sau biyar ya ci huɗu, ya ƙare da .343, wato bugu mai kyau 343 cikin kowace fitowa dubu, Winfield ya tsaya a .340. Shekarar da ta biyo ya shigar da maki 145, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na rukunin Amurka. A 1986 bugu mai kyau 238, wanda har yau babu ɗan Yankees da ya kai. A 1987 ya yi wasa takwas a jere kowanne sai ya tsallake katanga. Kawu yana faɗa yana buga tafin hannu a gwiwa. Ya ce, “Ɗan damben da ya shekara shida ba a kai shi ƙasa ba, don hannunsa ya karye daga baya sai a fasa kiransa gwarzo?”

A nan ne na sa baki, kuma ina bayan Kawu, ko da yake hujjata daban take da tasa. Ni ban ga Mattingly da idona a filin wasa ba, sai a tsofaffin faifai. Abin da ya tsaya mini shi ne Kirby Puckett. Shi ma ciwo ne ya yanke masa wasa, ciwon ido ya tsayar da shi bayan shekara 12. Ya bar bugu mai kyau 2,304 da tsallake katanga 207 da maki 1,085 da ya shigar. Mattingly 2,153 da 222 da 1,099. In ka rufe sunayen da hannu da wuya ka rarrabe su. A 2001 sunayensu suka fara hawa takardar zaɓe tare, Puckett ya shige a karon farko, Mattingly bai ko kusa ba. Sandy Koufax ma shekarunsa na ƙasaita shida ne, gwiwar hannu ta tilasta masa ajiye wasa yana ɗan shekara 30, kuma babu mai cewa bai cancanta ba. Ke nan zauren ya daɗe da yarda cewa gajeren zamani mai tsananin haske ya isa. Me ya sa ciwon ido da ciwon hannu suke zama uzuri, ciwon baya bai zama ba?

Amsar da nake gani ita ce Puckett da Koufax ciwo ya tsayar da kowannensu farat ɗaya, mutane suka riƙe hotonsu suna kan ganiya. Shi kuwa Mattingly bayansa ya lalace a 1990 amma ya ƙi tafiya. Ya ci gaba da fitowa da rabin ƙarfinsa, yana shugabancin 'yan wasa tun daga 1991, yana tsaron zangonsa har ya tara kyautar Safar Zinare tara, wadda ake ba wanda ya fi kowa iya tsaro a matsayinsa. Waɗannan shekaru na juriya su ne yau ake kafa hujja da su a kansa. Wannan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Ƙanina ya ce Puckett tsakiyar fili yake tsaro, aikin da ya fi wuya, kuma ya ci kofin duniya na besbol sau biyu da Minnesota, 1987 da 1991. Na yarda da batun tsakiyar fili. Batun kofi ne ban yarda da shi ba, domin besbol ba wasan mutum ɗaya ba ne. Yankees sun je wasan ƙarshe a 1981, shi ya fara a 1982. Ya yi ritaya bayan kakar 1995, suka ɗauki kofi a 1996. A 1994 su ne kan gaba a rukuninsu sai yajin aikin 'yan wasa ya haɗiye kakar. Dama ɗaya tak ya samu, karawa da Seattle a 1995, kuma da wannan bayan nasa ya fito sau 24 ya ci 10. Ban san abin da za a ƙara nema daga gare shi ba.

Inna ta kawo tuwo da miyar kuka, muka ɗan lafa. Kawu ya tuna mana cewa McGriff ɗin ma yaron Yankees ne tun asali, suka ba da shi ga Toronto a 1982 yana ƙaramin ɗan wasa. Dukanmu mun yi murna da shigarsa, ya cancanta tun tuni.

Bayan Isha ƙanina ya jefo tambayar da ta fi kowace nauyi. Ya ce, “Yaya, in an sa Mattingly, ina za a kai Keith Hernandez? Safar Zinare 11 gare shi, kofi biyu, shi ma gwarzon shekara ne a 1979, kuma yana waje.” Na ce a sa su duka biyun, ƙofar ba ta da ƙunci haka. Kawu ya ɗan yi jim, don Hernandez na Mets ne, abokan hamayyar Yankees a New York, sannan ya gyaɗa kai ya ce adalci adalci ne.

Wannan kwamiti ba zai sake duba 'yan wasan wancan zamani ba sai Disamban 2025. Ƙuri'a huɗu suka rage wa Mattingly, kuma mutanen da ke zama a kwamitin suna canzawa daga zama zuwa zama. Kawu ya ce in Allah ya nuna mana ranar, ƙanina ne zai tuƙa mu zuwa Cooperstown. Ya amsa da cewa zai tuƙa, amma ra'ayinsa yana nan yadda yake.